Sarkin Da Ya Taɓa Gudun Hijira

A ƙasar da ake kira Meksiko yau, tun kafin zuwan Turawa, an yi wani sarki mai suna Nezawalkoyotil. Ma'anar sunansa dila mai azumi. An haife shi a 1402 a birnin Teskoko, bakin wani babban tafki. Birnin cike yake da baƙi, don kakanninsa sun karɓi ƙabilu masu ƙaura, kowace da unguwarta.

A 1418 mayaƙan Askapotsalko suka ci garin, suka kashe ubansa. An ce yana ɓoye kan itace yana kallo. Daga nan ɗan sarki ya zama ɗan gudun hijira. Ya tsallaka duwatsu, ya yi ta ɓuya ƙauye-ƙauye, har dangin uwarsa suka roƙa masa wurin zama a Tenoctitilan.

To, mahaƙurci mawadaci. A 1428 ya haɗa kai da sarkin Tenoctitilan suka murƙushe Askapotsalko, a 1431 kuma aka naɗa shi sarkin Teskoko. Ya tsara dokoki 80, ya kafa kotuna, ya tara mawaƙa da masana a fada. Shi kansa mawaƙi ne. Bayan ambaliyar 1449 ya tsara wata ganuwa mai tsawon wajen kilomita 16 cikin tafkin, ta raba ruwan gishiri da ruwan daɗi.

Amma fa kada mu manta da waɗanda suka ɗauki duwatsun. A ƙasar nan mutane kashi-kashi ne: sarakai, fatake, talakawa da bayi. Talaka shi ke noman masara, shi ke biyan haraji, shi ke aikin tilas, sarakai kuwa su sa tufar auduga. Wahalar da sarkin ya sha ba ta sa ya rushe wannan tsari ba. Har ma tarihi ya riƙe masa laifi guda: ya tura wani hakiminsa bakin daga ya mutu, don ya auri yarinyar da aka yi wa hakimin baiko.

Ya rasu a 1472, ɗansa Nezawalpili ya gaje shi. A 1963 aka sa sunansa ga wani sabon gari kusa da birnin Meksiko, inda tafkin ya ƙafe. Talakawa 'yan ci-rani daga ƙauyuka su suka gina garin da hannunsu, yanzu mutanensa sun haura miliyan 1.