Abul Wafa, malamin Bagadaza da ya gajarta lissafin kusurwa

Duk ɗalibin ajin kimiyya da ke shirin jarrabawar BAC, a Madawa yake ko Buza ko Keita, ya san wannan layin a kan allo: sin 2a = 2 sin a cos a. Da yawa suna haddace shi kamar karatun allo, su zuba a takarda, su manta. Kaɗan ne suka san sunan mutumin da ya rubuta wannan ƙa'ida fiye da shekara dubu da suka wuce.

Sunansa Abul Wafa Muhammad al-Buzjani. An haife shi a shekarar 940 a garin Buzjan na yankin Khurasan, cikin ƙasar Iran ta yau. Sunan garin ya yi kama da Buza ta jihar Tawa, amma kamar ta tsaya a kunne kawai. Ya fara koyon lissafi a hannun baffansa da kawunsa, sannan a 959 ya koma Bagadaza, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa a zamanin sarakunan Buwaihi.

Masu ilimin taurari na lokacin sun gaji littafin Batlimus na Iskandariya, wanda ke auna kusurwa da tsirkiya, wato layin da ke haɗa baki biyu na bakan da'ira, yana kuma ɗaukar rabin faɗin da'irar a matsayin 60. Daga Indiya kuma aka samo rabin tsirkiya, wadda Larabawa suka kira jaib, ita ce sin ta yau. A littafinsa Kitab al-Majisti, Abul Wafa ya tara ma'aunan kusurwa shida wuri guda, ya bayyana dangantakarsu, ya kuma nuna cewa idan aka ɗauki rabin faɗin da'ira a matsayin 1, lissafin yana raguwa sosai. A nan ne ya kawo ƙa'idar haɗa kusurwa biyu da ta ninka kusurwa. Tushen tunanin yana wurin Batlimus, gaskiya ne, amma Abul Wafa ya mayar da shi siffar da ɗalibi zai gane yau.

Amfaninta yana fitowa ne a tambaya irin wannan: a sauƙaƙa (1 − cos 2a) / sin 2a. Na sama daidai yake da 2 sin²a, na ƙasa kuma 2 sin a cos a. Idan aka soke 2 sin a daga sama da ƙasa, saura sin a / cos a, wato tan a, muddin sin 2a ba sifili ba ne. Layi uku, an gama. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne rubutu. A digiri 30, sin 2a kusan 0,87 ne, 2 sin a kuwa 1 ne cif, shi kuma sin²a 0,25 ne. Lambar 2 ce kawai ta sauya wurin zama, amsa ta zama uku daban. Wanda ya yar da baka biyu da ke kewaye da 1 − cos 2a ma wata tambayar yake amsawa.

Shi Abul Wafa bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi. Da cikakkun jimlolin Larabci yake rubuta ƙa'idojinsa, domin gajerun alamomin sin da cos sai ƙarni na 17 suka fara yaɗuwa a Turai. Duk da haka ya ƙididdige jaib na rabin digiri daidai har gurbi takwas bayan waƙafi.

Bai tsaya wurin malamai kaɗai ba. Ya rubuta littafin lissafi don magatakarda da ƴan kasuwa, inda ya kira lambar da ta gaza sifili bashi, da wani don magina da masu sana'ar hannu. Yana da rubutu kan hatimi, fannin da Muhammad al-Katsinawi ya yi suna a kansa kafin rasuwarsa a Alkahira a 1741.

A 988 yana cikin malaman da suka yi aiki a ɗakin duban taurari da Sharaf al-Daula ya gina a Bagadaza. Aikinsa mafi burgewa ya zo ne dab da mutuwarsa. A watan Mayun 997, shi da matashi al-Biruni suka shirya su kalli husufin wata ɗaya, shi daga Bagadaza, al-Biruni daga Kath ta Khwarizm. Kowa ya rubuta lokacin garinsu, suka kwatanta, suka sami tazarar kusan awa ɗaya, daga nan suka fitar da nisan biranen biyu tsakanin gabas da yamma.

Ya rasu a Bagadaza a 998. Akwai wani rami a bayan duniyar wata da aka sanya wa sunansa.