Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Da Ta Kai Wa Matan Ƙauye Makaranta Har Gida

A filinmu na tarihin magabata na yau mun ɗauko rayuwar wata baiwar Allah wadda ta bar duniya kimanin shekara 160 da suka wuce, amma har gobe in ana zancen karatun mata a ƙasar Hausa sai an ambaci sunanta. Wannan kuwa ita ce Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Mutane da yawa sun san ta ta wajen waƙoƙinta, to amma babban aikin da ta bari shi ne makarantar da ta tsara wa mata mai suna 'Yan Taru, wadda ta ci gaba da aiki bayan rasuwarta saboda irin shugabancin da ta ɗora ta a kai.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a garin Degel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani. Mahaifinta Shehu Usmanu shi kuma an haife shi a 1754 a Marata, kusa da Galmi cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hassan, sai dai maimakon a kira ta Usaina kamar yadda aka saba, Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u, 'yar Sayyidina Abubakar Siddiƙu. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi.

Gidan da ta taso a ciki gidan karatu ne, maza da mata. Shehu yana barin mata su halarci wa'azinsa su zauna a gefe guda, har wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki wannan abu, ƙanen Shehu, wato Malam Abdullahi, ya mayar masa da amsa cewa barin mata cikin jahilci ya fi wancan illa. Shi kansa Shehu a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajiran waje dare da rana, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin alwala da salla ba. A cikin wannan tarbiyya Nana ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da hadisi da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin yaren Buzaye.

Hijira da yaƙi

Tana da shekara 11 a duniya rikici ya ɓarke tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, kuma tana cikin waɗanda suka yi wannan tafiya. Ta ga nasarar Tafkin Kwatto, ta kuma ga ranar baƙin ciki ta Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka kwanta dama. Jama'ar sun sha yunwa da cuta da yawon sansani zuwa sansani kafin birnin Alƙalawa ya faɗi a 1808. A cikin waɗannan shekaru ne aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo, aminin yayanta Bello. Da aka kafa Sakkwato a 1809 ta zama gidansu, kuma da Shehu ya rasu a 1817 Bello ya hau, Giɗaɗo ya zama wazirinsa.

Ita da maigidanta sun yi ɗawainiyar tattara littattafan Shehu da adana su, domin kada su salwanta bayan wahalar da suka sha a hanya. Tun a 1820 ta rubuta littafinta na Larabci mai suna Tanbihul Gafilina, tana da shekara 27 kacal.

Matsalar da ta tarar

Yaƙi ya ƙare da barin zawarawa da marayu da kuma ɗimbin matan da aka kamo aka raba gidaje. Mafi yawansu Hausa kawai suke ji, ba su jin Larabci ko Fulatancin da malaman jihadi suka fi yin rubutu da su. A ƙauyuka kuma mace in ciwo ya same ta ko haihuwa ta zo da gardama, babu wurin da ta sani sai gidan bori. Matan aure masu ƙananan shekaru kuwa ba su da halin barin ɗakunansu da goyonsu su tafi birni neman karatu. Nana ta lura cewa in aka ce sai wadda ta zo zauren malam za ta samu ilimi, to mafi yawan mata za su mutu ba su samu ba.

Abu na farko da ta yi shi ne mayar da karatu cikin harshen da masu koyo ke ji. Ta fassara waƙar mahaifinta ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗi ga masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa masu tauye mudu. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30, da farko da Fulatanci, daga baya da Hausa, yadda mace za ta iya riƙe su tana daka ko tana kaɗi. Ta yi waƙoƙi a kan tsarki da salla da azumi, da tarihin Annabi (SAW), da labarin mata salihai na farkon Musulunci, da tsoron ranar hisabi. Ta kuma tattara addu'o'i da ayoyin neman waraka a wani littafi mai suna Tabshirul Ikhwan, domin mai ciwo da mai naƙuda su samu abin riƙewa. Rubuce-rubucenta da suka iso hannunmu sun haura 60.

Jaji da malfa

Littafi komai kyansa sai da mai kai shi. A nan ne Nana ta nuna basirar shugabanci. Tun daga shekarun 1830 ta riƙa zaɓen dattijuwar mace guda daga kowane ƙauye, wadda mutanen garin suka shaida da amana da hankali da kamun kai, ta naɗa ta shugabar matan wurin, ta kira ta jaji. Fatake sun san wannan kalma, domin jaji shi ne mai jan ayari, wanda ya san hanya da mashaya da zango, kuma a wuyansa alhakin kai jama'a lafiya yake.

Ranar naɗi Nana takan ba jaji malfa, a naɗa mata jan rawani a kai. Wannan malfa kuwa tana da tarihi. Alama ce ta Inna, wato 'yar gidan sarautar Gobir da ke shugabantar mata da masu bori, sarautar da Gobirawa suka tafi da ita Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Matan karkara sun saba girmama mai malfa, saboda haka Nana ba ta yar da ita ba, sai ta ɗora ta a kan malamar addini. Da mata suka ga abin da suka sani a kan jaji, sai suka bi ta ba tare da an tilasta musu ba.

Jaji takan tara 'yan matan da ba su yi aure ba da kuma dattijan da suka gama haihuwa, ta ja su a ƙafa zuwa wurin Nana, suna tafe suna rera waƙoƙin da suka koya. In sun iso, Nana takan karɓe su a ɗakinta, ta saurari haddarsu, ta gyara musu kuskure, ta ƙara musu sabon karatu, ta kuma amsa tambayoyin da matan da ke gida suka aiko da su. Bayan 'yan kwanaki sai ayari ya juya. Kowace ta koma ta shiga gida-gida tana koya wa matan aure abin da ta samo. Ta haka karatun da aka yi a ɗaki ɗaya ya riƙa isa ɗaruruwan ɗakuna.

Al'adar makarantar

Kowace makaranta tana da halinta, kuma daga shugaba ake ɗaukarsa. 'Yan Taru sukan zo da sadaka gwargwadon ƙarfinsu, kamar hatsi da zuma da man shanu da saƙi. Nana ba ta tara wannan kaya don kanta ba, takan raba wa makafi da guragu da zawarawa da sauran mabuƙata, ɗalibai suna gani. Saboda haka su ma da suka koma garuruwansu suka ɗauki wannan hali. Aikin 'yar taru ya haɗa da duba marasa lafiya, da taimakon mai haihuwa, da wankan gawar mace bisa sunna, da sharar masallaci, da sasanta ma'aurata da kishiyoyi. Ana auna karatun mace da abin da maƙwabtanta suka amfana da shi.

Haka nan ba a tambayar asali a wannan makaranta. Bafulatana da Bahaushiya, 'yar malam da 'yar manomi, duk tabarma ɗaya suke zama. Kuma Nana ta san darajar mataimakanta. Ita da ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiya da ya rasu a Wurno a 1837, ita ce kuma ta yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u marsiya, ta yaba ƙoƙarinta na jan mata zuwa karatu shekara da shekaru. Samun 'yar Shehu ta ɗauki alƙalami don wata matar ƙauye ya isa ya nuna wa sauran jajoji cewa wahalarsu ba ta faɗi ƙasa banza ba. Saboda wannan hali ne jama'a suka riƙa kiranta Uwar Gari.

Rasuwarta da abin da ya biyo baya

Allah ya yi wa Nana Asma'u rasuwa a 1864 tana da shekara 71, aka rufe ta a Hubbare cikin Sakkwato kusa da mahaifinta. Makarantu da yawa sukan watse da zarar mai su ya kau, amma 'Yan Taru ba su watse ba, domin ta riga ta horar da masu riƙewa. Ƙanwarta Maryam, wadda ta taɓa auren Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta karɓi ragamar, bayanta kuma wasu matan zuriyar suka ɗora. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, sarauta ta sauya, amma jajoji suka ci gaba da jan mata zuwa karatu da ziyarar Hubbare.

Ɗanta Abdulƙadir ya yi wazircin Sakkwato, kuma daga zuriyarta ne aka samu Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, wanda a ɗakin karatunsa aka adana takardunta masu yawa. Daga nan ne wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, ta yi nazarinsu ta wallafa tarihin Nana a 1989, sa'an nan a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga rubuce-rubucenta a dunƙule. Makarantun 'yan mata da dama a Arewacin Nijeriya suna ɗauke da sunanta, har ma wasu mata Musulmi a birnin Fitsbag na Amurka sun kafa ƙungiyar karatu suka sa mata suna 'Yan Taru.

Darasi gare mu

Mai karatu, musamman iyayenmu mata da ke kasuwa, wannan tarihi ya shafe ku kai tsaye. Ko a Yauri ta ƙasar Matamaye kike kasa kayanki, ko a Kasuwar Dole ta Damagaram, ko a Kurmi ta Kano, kin san cewa ba a ba kowa riƙon adashe sai wadda aka yarda da amanarta, kuma ranar da uwar adashe ta fara cin zubi, ranar adashe ya mutu. Makaranta ma haka take. In za ki sa 'yarki a Islamiyya ko boko, ko ke kanki za ki shiga ajin matan aure ko na yaƙi da jahilci, kada kyan gini ya ɗauke miki hankali. Ki dubi shugaban wurin. Ki bincika ko yana zuwa a kan lokaci, ko yana biyan malamansa haƙƙinsu yana mutunta su, ko kuɗin da iyaye ke bayarwa ana ganin inda suke shiga, ko kuma ɗan talaka da ɗan mai kuɗi hukunci ɗaya ake yi musu. Abin da yara suka ga shugaba yana yi, shi za su kwaso su kawo gida.

Su kuma masu riƙe da makarantu, ya kamata su tambayi kansu wa suka horar da zai riƙe wurin in ba su nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma shugaban da ya ƙanƙame komai a hannunsa, da shi makarantarsa za ta tafi kabari. Nana Asma'u ta raba ilimi, ta raba girma, ta raba aiki, shi ya sa abin da ta shuka ya wuce zamaninta.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da malamanta da dukkan jajojin da suka taka ƙasa don 'yan'uwansu mata su san addininsu, ya sa Aljanna ce makomarsu, mu kuma ya ba mu ikon koyi da su, amin.