Tarihin Samuel Colt, Mutumin da Ya Yaɗa Libarba a Duniya

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa da ya yi nazarin ararrun kalmomi ya san cewa yawancin kalmomin da muke amfani da su a fagen makami baƙi ne. Bindiga da harsashi da albarushi duk daga Larabci suka shigo mana. Ita kuwa libarba, wato ƙaramar bindigar nan ta hannu mai ganga da ke juyawa, daga Ingilishi muka aro ta. Sau da yawa mukan tsaya ne a kan asalin kalma, mu manta da asalin abin da kalmar ke nufi. Shi ya sa a wannan fitowa na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai tarihin Samuel Colt, Ba'amurken da sunansa ya manne wa libarba. Mutum ne da bai cika shekara 48 a duniya ba, amma ya sauya yadda ake ƙera makami da yadda ake tallarsa. Zan kawo nasarorinsa, zan kuma kawo abubuwan da ake zarginsa da su, mai karatu ya auna da kansa.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Samuel Colt a ranar 19 ga Yuli, 1814, a birnin Hartford na jihar Connecticut a Amurka. Sunan mahaifinsa Christopher Colt, ɗan kasuwa ne da ya shiga harkar masaƙa. Mahaifiyarsa, Sarah Caldwell, ta rasu a 1821 sakamakon tarin fuka, lokacin Samuel bai wuce shekara 7 ba. Yana da shekara 11 aka kai shi aikin gona wurin wani manomi a garin Glastonbury. A can ne ya samu wani littafi mai bayani a kan ilimin kimiyya da masu ƙirƙira, ya duƙufa a kansa, musamman sassan da suka yi magana a kan albarushi da lantarki.

Da ya koma masaƙar da mahaifinsa ke aiki a garin Ware, sai ya samu kayan aiki da sinadarai a hannu. A ranar 4 ga Yuli, 1829, ranar bikin 'yancin kan Amurka, ya tara jama'a a bakin wani tafki, ya tayar da nakiya a ƙarƙashin ruwa ta hanyar wayar lantarki. Bayan haka aka sa shi makarantar kwana a Amherst, amma bai daɗe ba, domin wasan wuta da ya yi a 1830 ya haddasa gobara, karatun ya tsaya nan. Ganin haka mahaifinsa ya tura shi koyon aikin jirgin ruwa.

Yadda Dabarar Ta Samo Asali

A 1830 Samuel ya shiga wani jirgin ruwa mai suna Corvo zuwa Kalkata ta ƙasar Indiya. A cikin wannan tafiya ce ya sassaƙa samfurin bindigarsa na farko da itace. Kafin mu gane muhimmancin abin da ya yi, sai mun san yadda bindigar lokacin take. Ba ta da bambanci sosai da bindigar maharbanmu ta gargajiya: a ɗura albarushi ta baki, a tura dalma, a danna, a harba sau ɗaya, sannan a sake ɗurawa. Wanda ya yi kuskuren harbin farko, kafin ya sake shiri abokin gaba ya cim masa.

Ba Colt ne ya fara tunanin bindiga mai ganga ba. Wani Ba'amurke mai suna Elisha Collier ya yi rajistar irinta a Ingila tun 1818, sai dai tasa da hannu ake juya gangar. Abin da Colt ya kawo shi ne haɗa motsin gangar da 'yar gudumar da ke bayan bindiga. Da zarar mutum ya ja gudumar baya da babban yatsa, sai gangar ta juya da kanta, ramin da ke ɗauke da albarushi ya daidaita da bututun bindiga, ya kulle a nan. Saura kawai a ja kunama. Ta haka mutum ɗaya zai yi harbi biyar ko shida a jere ba tare da ya tsaya ɗuri ba.

Dabara ta samu, kuɗi ne babu. Don haka ya shiga yawo gari-gari a Amurka da Kanada yana kiran kansa Dakta Coult, yana shaƙa wa 'yan kallo iskar nan mai sa dariya, suna biya. Da kuɗin wannan wasa ya riƙa biyan maƙera, cikinsu har da John Pearson na birnin Baltimore, suna ƙera masa samfura. A ganina, wannan yawo ne ya koya masa sanin halin jama'a da iya jan hankalinsu, abin da ya amfane shi daga baya fiye da kuɗin da ya tara. Ya yi rajistar ƙirarsa a Ingila a 1835, sannan a Amurka ranar 25 ga Fabrairu, 1836.

Karyewar Farko

A 1836 aka kafa masana'anta a garin Paterson na jihar New Jersey, aka fara ƙera libarba mai harbi biyar. Kasuwa ba ta karɓe ta ba. Tana da tsada, tana da sassa da yawa masu saurin lalacewa, ga shi kuma tattalin arzikin Amurka ya shiga matsi a 1837. Sojoji sun sayi kaɗan domin yaƙin da suke yi da ƙabilar Seminole a Florida, Jamhuriyar Teksas ma ta sayi wasu domin sojojin ruwanta, amma hakan bai isa ya riƙe kamfani ba. A 1842 kamfanin ya durƙushe.

Shekarar ta zo masa da wani baƙin cikin. An yanke wa wansa, John Colt, hukuncin kisa saboda kashe wani mai buga littattafai a New York, kuma ya kashe kansa a kurkuku a ranar da za a rataye shi. Samuel ya koma kan tsohuwar sha'awarsa ta nakiyar ruwa, har ya tarwatsa wani jirgi a kogin Potomac a 1844 a gaban manyan gwamnati, amma gwamnati ba ta sayi dabarar ba. Ya kuma yi hulɗa da Samuel Morse a kan wayar tangarahu da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ruwa.

Farfaɗowarsa

Hausawa na cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Bindigogin nan da Teksas ta saya sun faɗa hannun dakarunta masu sintiri a kan dawaki. A watan Yuni na 1844, kimanin mutum 15 daga cikinsu ƙarƙashin John Coffee Hays suka gwabza da mahayan ƙabilar Comanche da suka ninka su yawa, suka rinjaye su. Kafin wannan lokaci, mahayin Comanche kan saki kibau da yawa kafin mai bindiga ya gama ɗuri ɗaya. Libarba ta kawar da wannan fifiko.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meziko a 1846, ɗaya daga cikin waɗancan dakaru, Kyaftin Samuel Walker, ya nemi Colt, suka zauna suka tsara sabuwar libarba mai harbi shida, babba, mai nauyin kusan kilo 2. A Janairun 1847 gwamnati ta ba da odar guda 1,000. Colt ba shi da masana'anta a lokacin, sai ya ba da aikin ga Eli Whitney ƙarami. Walker kansa an kashe shi a fagen yaƙi a Meziko a watan Oktoba na wannan shekara, amma bindigar da ke ɗauke da sunansa ta tayar da Colt daga faɗuwa. Da ribar da ya samu ya buɗe tasa masana'antar a Hartford.

Ƙaramar Libarba

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba babbar bindigar soja ce ta fi kawo wa Colt ciniki ba. Ƙaramar libarba ce ta aljihu, samfurin 1849. Faɗin bakinta inci 0.31 ne, wato kusan milimita 8, kuma da wannan awo na faɗin baki ake rarrabe bindigogi manya da ƙanana. Fitowarta ta zo daidai da lokacin da dubban mutane ke tururuwa zuwa Kalifoniya neman zinariya, kowa na son makamin da zai soke a ƙugu ko ya jefa a aljihu. Zuwa 1873 an ƙera fiye da 300,000, adadin da babu wata libarbar Colt mai ɗurin albarushi da ta kai shi. 'Yan kasuwa da matafiya da masu haƙar ma'adinai su ne masu sayenta. A nan ne bindigar hannu ta zama kayan farar hula.

Sai dai a wannan fage na ƙananan bindigogi ne kuma Colt ya yi babbar asara. Wani ma'aikacinsa mai suna Rollin White ya zo masa da shawarar a huda ramukan ganga su fita har baya. Colt bai ga amfanin hakan ba. White ya yi rajistar dabarar a 1855, ya ba Horace Smith da Daniel Wesson izinin amfani da ita. A 1857, shekarar da wa'adin rajistar Colt ya ƙare, kamfanin Smith & Wesson ya fito da 'yar libarba mai harbi bakwai, mai faɗin baki inci 0.22, wadda ake zura mata harsashi na ƙarfe ta baya, albarushi da dalma duk a ƙunshe wuri ɗaya. Wannan shi ne tsarin da ake bi har yau. Kamfanin Colt bai samu damar bin sa ba sai da wa'adin rajistar White ya ƙare a 1869. Harsashin nan na 0.22 kuwa har yanzu ana ƙera shi, kuma da ɗan'uwansa da ya fito a 1887 ake gasar harbi da ƙaramar bindiga daga nisan mita 25 a wasannin Olamfik.

Masana'anta da Talla

A 1849 Colt ya ɗauki injiniya Elisha Root, wanda ya tsara injinan da ke yanka sassan bindiga iri ɗaya, ta yadda aikin hannu ya ragu ƙwarai. A 1851 Colt ya kai kayansa babban baje-kolin Landan, ya kuma yi jawabi a gaban ƙungiyar injiniyoyin Ingila. Ya buɗe masana'anta a Landan a 1853, wadda ta yi 'yan shekaru kafin a rufe ta. A 1855 ya kammala katafariyar masana'anta a bakin kogin Connecticut, bayan ya gina madatsa don tare ambaliya. Ya ɗora mata shuɗiyar ƙubba, ya gina wa ma'aikata gidaje, ya tsayar da aiki awa 10 a rana.

Wajen talla kuwa ba shi da na biyu a zamaninsa. Ya sa mai zane George Catlin ya zana hotunan farauta da bindigogin Colt a ciki. Yakan yi wa sarakuna da manyan hafsoshi kyautar libarba mai ado da zinariya. Ya ba Sarkin Rasha Nikolas na I, ya kuma ba Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid na I, alhali ƙasashen biyu na gaba da juna a Yaƙin Kirimiya. Gwamnan jiharsa ya ba shi muƙamin kanar, ya riƙa amfani da shi har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake bai taɓa jagorantar soja a fagen fama ba.

Zargin da Ake Yi Masa

Colt bai damu da wanda zai sayi makaminsa ba, muddin zai biya. Lokacin da jihohin kudancin Amurka masu riƙe da bayi ke shirin ɓallewa, ya ci gaba da sayar musu da bindigogi har zuwa farkon 1861, jaridun arewa suka yi masa ca, suna zarginsa da cin amana. Da yaƙin basasa ya kankama, sai ya koma yana ƙera wa gwamnatin tarayya. Haka nan ba za a ba da tarihin yadda aka ƙwace ƙasashen ƙabilun asali na Amurka ba tare da an ambaci libarbarsa ba. An kuma zarge shi da yi wa 'yan majalisa kyaututtuka a 1854, lokacin da yake neman a ƙara masa wa'adin rajista, har majalisa ta yi bincike a kan lamarin.

Iyalinsa da Mutuwarsa

Ya auri Elizabeth Jarvis a ranar 5 ga Yuni, 1856, suka zauna a wani babban gida mai suna Armsmear da ke kallon masana'antar. A cikin 'ya'yansu, ɗaya tak, Caldwell, shi ne ya girma. Colt ya mutu a ranar 10 ga Janairu, 1862, yana da shekara 47, bayan fama da ciwon gaɓoɓi. Ya bar dukiyar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 15. A 1864 gobara ta cinye babban ɓangare na masana'antar, matarsa ta sake gina shi, ta riƙe kamfanin har 1901. Shahararriyar libarbar nan da muke gani a finafinan kaboyi ta fito ne a 1873, shekara 11 bayan mutuwarsa, don haka bai taɓa ganin ta ba.

Colt kansa mai tara tsofaffin bindigogi ne. Da Elizabeth ta rasu a 1905, ta bar tarin nasa ga gidan adana kayan tarihi na Wadsworth Atheneum a Hartford. Masu tara makaman tarihi suna rububin ƙirarsa ta farko, har a 2018 an yi gwanjon wata libarba samfurin Walker a kan fiye da dala miliyan 1.8. Kamfanin nasa kuwa, a 2021 wani kamfanin makamai na ƙasar Czech ya saye shi.

Kammalawa

Ni dai abin da na fahimta a tarihin wannan mutum shi ne, hazaƙa da naci sun kai shi inda ya kai. Yaron da karatunsa ya katse yana da shekara 16, wanda kamfaninsa ya durƙushe yana da shekara 28, shi ne ya nuna wa Turai yadda ake ƙera kaya da inji. Wannan abin koyi ne ga kowane ɗalibi. Amma ban ga abin koyi ba a wurin ɗan kasuwar da zai miƙa makami ga ɓangarori biyu masu gaba, ya ƙirga riba, ya bar su da gawawwaki. Mai ƙirƙira yana da haƙƙi a kan abin da ya fito daga hannunsa, kuma riba ba ta sauke masa wannan haƙƙi. Ina fata a fitowa ta gaba wani daga cikinmu zai bi diddigin wata ararriyar kalmar, ya kawo mana tarihin abin da ke bayanta.