Waiwaye: Rayuwar Mwalimu Julius Nyerere

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 1999 ne Julius Kambarage Nyerere, shugaban farko na ƙasar Tanzaniya, ya mutu a asibitin St Thomas da ke birnin London, sakamakon cutar sankarar jini. Yana da shekara 77 da haihuwa.

An haife shi ne a watan Afrilun 1922 a ƙauyen Butiama da ke kusa da Tafkin Biktoriya. Mahaifinsa, Nyerere Burito, sarki ne na wata ƙaramar ƙabila da ake kira Zanaki, mai bin addinin gargajiya, kuma mai mata fiye da 20. Yaron bai shiga makaranta ba sai da ya kai shekara 12.

A shekarar 1943, bayan rasuwar mahaifin nasa, ya karɓi addinin Kirista ɗarikar Katolika, ya kuma ɗauki sunan Julius. Ya yi karatu a kwalejin Makerere ta Uganda, sannan a jami'ar Edinburgh daga 1949 zuwa 1952. Da ya dawo gida sai ya ci gaba da koyarwa a wata makarantar mishan da ke Pugu, wajen birnin Darussalam. Daga nan ne laƙabin Mwalimu, wato malami da harshen Suwahili, ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A farkon 1953 ya auri Maria, wadda ita kaɗai ce matarsa har mutuwa ta raba, suka haifi 'ya'ya takwas. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaida cewa da sassafe yake tashi ya tafi coci kusan kowace rana, ko yana gida ko yana ziyarar aiki a ƙetare.

Sai dai mafi yawan waɗanda suka fara ɗaga shi a siyasa Musulmi ne. Dattawan Darussalam, irin su Sheikh Suleiman Takadir da iyalan gidan Sykes, su ne ƙashin bayan jam'iyyar TANU da aka kafa a 1954. Shekara guda bayan haka ya ajiye alli ya rungumi siyasa gadan-gadan, har Tanganyika ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a watan Disamban 1961. A 1964 ta haɗe da tsibirin Zanzibar aka sami Tanzaniya.

A 1967 ya fito da Sanarwar Arusha, wadda ta haramta wa shugabanni karɓar albashi biyu, ko mallakar hannun jari a kamfanoni, ko gina gidajen haya. Dokar ta shafi matan shugabannin, har da tasa. Ko masu sukarsa ba su zarge shi da wawure dukiyar ƙasa ba, abin da ba kasafai ake iya faɗa game da takwarorinsa na wancan zamani ba.

Amma tsarkin hannu bai hana kuskure ba. Shirinsa na Ujamaa, na tara manoma a ƙauyukan haɗin gwiwa, ya rikiɗe ya zama na tilas daga 1973, inda aka kwashe miliyoyin mutane daga gonakinsu na gado. Noma ya ja da baya, ƙasar ta koma shigo da hatsi. Ya kuma yi mulkin jam'iyya ɗaya tare da tsare abokan hamayya ba tare da shari'a ba. Wasu Musulmin ƙasar har yau suna ƙorafi kan rushe Ƙungiyar Jin Daɗin Musulmin Gabashin Afirka da gwamnatinsa ta yi a 1968, aka maye gurbinta da majalisar BAKWATA. Magoya bayansa kuwa kan tuna cewa shi ne ya karɓe makarantun mishan ya mayar da su na gwamnati, domin 'ya'yan kowa su shiga.

A Nijeriya, da dama sun fi tunawa da shi ne saboda watan Afrilun 1968, lokacin da Tanzaniya ta zama ƙasa ta farko da ta amince da Biyafara ana tsakiyar yaƙin basasa, matakin da ya ɓata wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rai matuƙa. Dakarunsa ne kuma suka kori Idi Amin daga Kampala a 1979.

Duk da nauyin mulki, ya sami sukunin fassara wasannin kwaikwayo biyu na Shakespeare zuwa Suwahili, harshen da ya yi amfani da shi wajen ɗinke ƙabilu sama da 120. Daga baya ya mayar da Linjila waƙe a harshen.

A 1985 ya sauka daga mulki don raɗin kansa, ya miƙa ragama ga Ali Hassan Mwinyi, Musulmi wanda ya taso a Zanzibar. Ya koma Butiama ya kama fartanya, ko da yake bai daina ayyukan sulhu ba, musamman a rikicin Burundi, wanda yake kai har ciwo ya kwantar da shi.

A Butiaman aka binne shi. A shekarar 2005 cocin Katolika ta fara bin matakan duba yiwuwar sanya shi cikin waliyyanta, bisa buƙatar limaman yankin Musoma.