JOE LOUIS: SHEKARA 11 YANA SARAUTAR DAMBEN DUNIYA, YA MUTU DA BASHI A WUYA



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, in aka ce zakaran damben duniya, sunan da ke fara zuwa bakin mutanenmu shi ne Muhammad Ali, matasa kuma su ce Tyson ko Anthony Joshua. To amma a tarihin damben Turawa ajin masu nauyi, babu wanda ya daɗe riƙe da kambu kamar wani Baƙar fatar Amurka mai suna Joe Louis. Ya karɓi kambun ranar 22 ga Yuni 1937, bai ajiye shi ba sai 1 ga Maris 1949, shekara 11 da wata 8, ya kare shi sau 25 a jere. Har yau ba a samu wanda ya kamo shi ba. Wladimir Klitschko na Yukiren, wanda ya yi ƙoƙari a zamaninmu, shekara 9 da 'yan watanni ya yi.

Tun kafin wani ya tambaye ni a ƙasa: ba tallar dambe nake ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a 1987 ta haramta irin wannan damben saboda dukan fuska da cutar da jiki, kuma ni a kan haka nake. Shi kansa Joe Louis ba Musulmi ba ne. Na ɗauko shi ne saboda abin da ya same shi bayan an daina tafa masa, domin ina ganin irinsa a unguwarmu ta Ƙofar Wambai, a cikin mutanen da ba su taɓa naɗe hannu ba.

An haife shi ranar 13 ga Mayu 1914 a karkarar jihar Alabama, sunansa na yanka Joseph Louis Barrow. Kakanninsa bayi ne, iyayensa kuma manoman auduga a gonar da ba tasu ba. Yana ɗan shekara biyu aka kai mahaifinsa asibitin masu taɓin hankali. A 1926 iyalin suka bar Kudu, inda wariyar launin fata ta fi tsanani, suka koma birnin Detroit mai masana'antun motoci. Yaro ne mai i'ina, ba ya son magana, karatu ma bai yi nisa ba. Mahaifiyarsa ta so ya koyi kaɗa gogen Turawa, shi kuwa sai ya riƙa zamewa zuwa wajen koyon dambe.

Ya fara damben kuɗi a Yulin 1934. A lokacin, tun da Jack Johnson ya rasa kambu a 1915, Turawa sun rufe ƙofa, ba a ƙara barin Baƙar fata ya nemi kambun masu nauyi ba. Don haka iyayen gidansa, John Roxborough da Julian Black, da mai horar da shi Jack Blackburn, suka gindaya masa sharuɗɗa: kada ya yi dariya ko fankama a kan wanda ya kayar, kada a ɗauke shi hoto da Baturiya, ya kame bakinsa a gaban 'yan jarida. Haka ya rayu, fuska a ɗaure, hannu na aiki. A Yunin 1935 ya buge Primo Carnera na Italiya a turmi na 6, daidai lokacin da Mussolini ke shirin mamaye Habasha, shi ya sa Baƙaƙen fata suka ɗauki nasarar kamar tasu.

Sai dai gaba da gabanta. A Yunin 1936 ya haɗu da Max Schmeling na Jamus. Louis ya raina wasan, ya shagala da wasan golf maimakon atisaye. Shi kuwa Bajamushen ya zauna ya yi nazarin finafinan dambensa, ya gano cewa duk sanda ya kai naushi da hagu yakan ɗan sauke hannun. Ta nan ya yi ta shiga da dama har ya kashe shi, kamar yadda 'yan dambenmu ke cewa, a turmi na 12. Gwamnatin Hitila ta ɗauki wannan ta yi ta yayatawa a matsayin hujjar fifikon jinsinsu.

Abin da ya burge ni a nan shi ne bai tsaya neman wanda zai ɗora wa laifi ba. Ya koma ya gyara hannun hagun. Bayan shekara ɗaya ya karɓe kambu daga James Braddock a Chicago, sannan ranar 22 ga Yuni 1938 ya sake haɗuwa da Schmeling a birnin New York a gaban mutum wajen dubu 70, miliyoyi kuma na saurare a rediyo. Minti biyu da daƙiƙa huɗu aka yi, wasa ya tashi. A ranar har Turawan da ba za su yarda ya zauna kusa da su a gidan abinci ba sun yi ta murna da shi.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya yi dambe biyu a farkon 1942, ɗaya da Buddy Baer, ɗaya da Abe Simon, ya bayar da ladansa ga asusun tallafa wa sojojin ruwa da na ƙasa. Ya shiga soja, a rundunar da ita kanta ta ware Baƙaƙe daban, ya yi ta zagaya sansanoni yana damben nishaɗi har sau 96. Bai fito ba sai Oktoban 1945. Wato shekarun da ƙarfinsa ya kai ƙololuwa, a kan albashin ƙaramin soja ya yi su.

Ya dawo ya ci gaba da kare kambu, amma jiki ya fara gaya masa gaskiya. A Disambar 1947 Jersey Joe Walcott ya kai shi ƙasa har sau biyu, alƙalai suka ba Louis nasara da kyar, 'yan kallo suna ihun rashin yarda. Ya rama a Yunin 1948, sannan a Maris 1949 ya sanar da ritaya yana kan karaga. Da a nan labarin ya tsaya, da mun ce ga wanda ya san lokacin sauka.

To ina matsalar take? An ƙiyasta abin da dambensa ya kawo ya haura dala miliyan 4.6, amma abin da ya shiga hannunsa bai fi dala dubu 800 ba. Sauran ya tafi wajen manajoji, masu shirya wasa, kuɗin atisaye da haraji. Wanda ya shigo ɗin ma bai zauna ba. Hannunsa a buɗe yake: ya saya wa dangi gidaje da motoci, ya biya wa wasu kuɗin makaranta, har kuɗin tallafin da birnin Detroit ya ba iyalinsa lokacin talauci sai da ya mayar. Ga tawagar 'yan a bi Yarima a sha kiɗa, ga caca a filin golf, ga kasuwancin da ya zuba kuɗi a ciki ba tare da ya san kansa ba, duk suka rushe. Ya kuma riƙa karɓar kuɗi a hannun mai shirya masa wasa tun kafin a yi damben.

A wancan zamanin harajin masu samu da yawa a Amurka yana kaiwa kusan kashi 90 cikin 100 a saman abin da suka samu. Ga kuma wani zalunci: kuɗin da ya bayar kyauta ga sojoji, hukumar haraji ta lissafa su a cikin abin da ya samu. A 1950 aka ce ana bin sa sama da dala dubu 500. Tara da kuɗin ruwa suka yi ta hawa, kafin ƙarshen shekarun 1950 bashin ya haura miliyan ɗaya. Da mahaifiyarsa ta rasu ta bar masa dala 667, ita ma sai da aka ƙwace.

Bashin nan ne ya mayar da shi fage. A Satumban 1950 Ezzard Charles ya lallasa shi tsawon turmi 15. Ya ci gaba, domin duk damben da ya yi sabon haraji ne ke hawa kan tsohon. Ranar 26 ga Oktoba 1951, yana da shekara 37, sanƙo ya fara fitowa, aka haɗa shi da Rocky Marciano mai shekara 28. A turmi na 8 Marciano ya buge shi har ya fita ta tsakanin igiyoyi. Nan dambensa ya ƙare: wasa 69, ya ci 66, ya faɗi 3, biyu daga cikin ukun bayan ritayar da ya warware ne.

Daga nan ya koma kokawar Turawa ta wasan kwaikwayo, har ya ji rauni ya bari, ya koma alƙalancinta. Daga baya gwamnati ta sassauta karɓar bashin, amma ba ta yafe ba. Ya faɗa shan hodar iblis, a 1970 aka kwantar da shi wata biyar a asibitin ƙwaƙwalwa a jihar Colorado saboda yana ganin kamar ana farautarsa. Aikinsa na ƙarshe shi ne tsayawa a gidan cacar Caesars Palace da ke Las Vegas yana gaisawa da baƙi ana ɗaukar hoto da shi. A 1977 aka yi masa aikin babbar jijiyar zuciya, ciwon shanyewar jiki ya biyo baya, ya ƙare a keken guragu. Daren 11 ga Afrilu 1981 aka tura shi ya kalli damben Larry Holmes da Trevor Berbick, washegari ya rasu yana da shekara 66.

Ku lura da waɗannan sunaye biyu. Su ne mutum biyu na ƙarshe da suka doke Muhammad Ali, Holmes a 1980, Berbick a ƙarshen 1981, bayan shi ma ya yi ritaya a 1979 ya dawo. Ali ya ga abin da ya samu Louis da idonsa, amma bai hana shi bin hanyar ba. Sauka daga inda ake tafa wa mutum ba ƙaramin jihadi ba ne.

Bayan mutuwarsa sai karramawa ta yi ta zuwa. Shugaba Reagan ya ba da izini aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. A 1982 majalisar dokoki ta ba shi lambar zinare, a 1986 aka kafa gunkin dunƙulallen hannunsa a Detroit, a 1993 aka sa hotonsa a kan sarki na gidan waya. Ƙasar da ta bi shi bashi har kabari ita ce ta yi duk wannan. Mu ma nan haka muke: Shago sunansa ya zauna a bakin Hausawa saboda waƙar Ɗan Anace, amma 'yan dambe nawa ne muka yi wa ihu a fage, da ƙarfi ya ƙare ba wanda ya san inda suke kwana?

Wani abin lura shi ne Schmeling, wanda aka zana a matsayin babban maƙiyinsa. Bayan yaƙi ya shiga kasuwancin Coca-Cola a Jamus ya yi arziki, ya nemi Louis suka zama abokai, ya riƙa taimaka masa da kuɗi. Ya rayu har 2005, ya mutu yana da shekara 99. Wanda aka buge cikin minti biyu ya koyi wata sana'a ya tsufa cikin rufin asiri, wanda ya yi bugun kuma bai san komai ba sai naushi.

Yanzu bari in dawo gida. Ɗan uwa mai rumfa a kasuwar Ƙofar Wambai, ko gwanjo kake buɗewa, ko takalma, ko robobi, kai ma kana da naka kambun. Akwai shekarun da dila ke ƙarewa kafin azahar, waya ba ta hutawa, kowa Alhaji yake ce maka. Tambayar da nake so ka yi wa kanka yau: a cikin kuɗin da ke juyawa a hannunka, nawa ne naka, nawa ne na masu kaya? In ba ka da littafin da za ka buɗe ka amsa wannan cikin minti biyar, to ka shiga hanyar Louis, ko da ba ka sani ba. Ya ga miliyoyi suna wucewa ya ɗauka nasa ne, alhali kashi ɗaya cikin biyar ma bai kai ba.

Ba na zargin kyautarsa, ita ce ma mafi kyawun halinsa. Amma kyautar da aka yi da kuɗin da ake bin ka ba karamci ba ne, jinkirta kuka ne kawai. Ka fara sauke haƙƙin masu bin ka, ka ajiye wa iyali abin da zai riƙe su, sannan ka buɗe hannu gwargwadon abin da ya rage. Bashi mai ruwa kuwa, ko ba ka karanta hukuncinsa ba, lissafin Louis ya ishe ka wa'azi: dubu 500 ta zama miliyan alhali yana ta biya.

Ku kuma matasa masu cin abinci da ƙarfin jiki ko farin jini, 'yan ƙwallo, masu dako, 'yan fim, masu tara mabiya a TikTok, ku sani kasuwarku mai gajeren zango ce. Ku koyi sana'a ta biyu tun ana kiran sunanku, ku san wanda ke riƙe muku lissafi, kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. Mu kuma da muke da tsofaffin da suka yi tashe a da, a dangi ko a unguwa, mu leƙa su tun suna iya amsa sallama. Lambar zinare ta 1982 ba ta biya wa Louis ko sisi ba.

Allah Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, Ya sa mana albarka a abin da Ya ba mu, Ya rufa mana asiri a tsufanmu, Ya sa mu gama lafiya. Amin.