WALIYYI BITRUS CHANEL DA TSIBIRIN FUTUNA

Ranar 28 ga Afrilu Ikilisiya takan tuna da Waliyyi Bitrus Chanel, wanda ake girmamawa a matsayin shahidi na farko a tsibiran kudancin Tekun Pasifik. Mu da ke zaune tsakanin duwatsun Roni da Kazaure, galibinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma labarinsa ya shafi duk wanda ya yi shekaru yana shuka bai ga tsiro ba.

An haife shi a ƙasar Faransa ranar 12 ga Yuli 1803, ɗan manoma ne, ya kuma yi kiwon tumaki yana yaro. Aka naɗa shi firist a 1827. Ya yi shekara uku a Crozet, sa'an nan a 1831 ya shiga ƙungiyar Maristi, wadda ke ɗauke da sunan Uwarmu Maryamu. A Disamba 1836 ya bar Faransa tare da Bishop Pompallier, bai taka Futuna ba sai Nuwamba 1837.

Futuna ɗan tsibiri ne mai duwatsu da kurmi, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 50 ba. Turawan da suka fara ganinsa mutanen Holan ne, a 1616. Mulkinsa a rabe yake tsakanin Alo da Sigave, waɗanda suka daɗe suna yaƙi da juna. Abincin mutanen gwaza ce da doya da kwakwa da kifi. Sana'ar da suka fi shahara da ita ta mata ce: sukan ɓare ɓawon wani itace, su jiƙa shi, su yi ta bugu da sanda har ya zama mayafi, sa'an nan su zana masa ƙananan layuka da baƙin tawada. Suna kiransa siyapo. Shi da tabarmi ne dukiyar da ake miƙawa a biki da makoki, kusan yadda turmin zane yake a lefenmu.

Niuliki, sarkin Alo, ya karɓi Fada Bitrus da ɗan'uwa Marie-Nizier hannu biyu. Fada ya koyi harshen da ƙyar, ya yi noma, ya yi jinyar marasa lafiya da waɗanda suka ji rauni a yaƙin 1839. Duk da haka, a shekara uku da rabi waɗanda ya yi wa baftisma kaɗan ne, yawancinsu jarirai da masu bakin mutuwa.

Ba ma so mu yi wa Niuliki rashin adalci. Mutanensa sun gaskata cewa abin bautarsu yana magana ta bakinsa, saboda haka duk wanda ya bar tsohon addini ya rage wa sarki iko. Ya janye abincin da yake aika wa baƙin. Da labari ya iso masa cewa ɗansa Meitala na neman baftisma, sai haƙurinsa ya ƙare. Da safiyar 28 ga Afrilu 1841 surukinsa Musumusu ya zo da mutane gidan Fada a Poi, yana neman magani don wani rauni. Nan suka far masa da kulake, Musumusu ya ƙarasa shi da gizago. Yana da shekara 37.

Cikin 'yan shekaru kusan dukan tsibirin ya karɓi baftisma. Paparoma Piyus na 12 ya sa shi cikin waliyyai ranar 12 ga Yuni 1954, a 1977 kuma aka mayar da ƙasusuwansa Futuna, inda aka gina babban coci a Poi. Tsibirin ya shiga hannun Faransa a 1888, amma sarautun Alo da Sigave suna nan, mata kuma ba su bar bugun siyapo ba.

Musumusu da kansa ya tuba ya karɓi baftisma. Ya roƙa a binne shi a ƙofar cocin Poi, domin masu zuwa girmama wanda ya kashe su riƙa bi ta kan kabarinsa.