Sitiliko, Baren da Ya Riƙe wa Rum Takobi

A darasin tarihi mun sha jin cewa ƙabilun arewacin Turai ne suka rushe Daular Rum. Abin da nake so in ƙara shi ne, a ƙarshen zamaninta 'ya'yan waɗannan ƙabilu ne kuma ke tsaron ta a matsayin sojojin haya. A ganina babu wanda rayuwarsa ta fi nuna haka kamar Sitiliko.

An haife shi wajen shekarar 359 Miladiyya. Mahaifinsa ɗan ƙabilar Bandal ne, hafsan sojan doki a rundunar Rum, mahaifiyarsa kuwa Barumiya. Ya taso a soja har ya samu shiga wurin Sarki Tiyodosiyus, wanda ya aurar masa da Serena, 'yar ɗan'uwansa. A yaƙin basasar 394 sarkin ya jera sojojinsa Gotawa a sahun gaba, aka yi musu mummunar ɓarna. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani jarumi, Alarik, wanda shekara na zagayowa ya yi tawaye.

Da Tiyodosiyus ya mutu a 395, sai ya bar wa ɗansa Honoriyus, yaro ɗan shekara 10, yammacin daular, Sitiliko ya zama uban riƙonsa kuma shugaban askarawa. Shi ya tare Alarik a Polentiya a 402, ya sake kora shi a Berona. A 406 ya murƙushe wani mahari, Radagayis, kusa da Filorans, ya ɗebi mayaƙansa 12,000 ya zuba cikin rundunar Rum. To, yaya zai yi? Sojoji sun yi ƙaranci, masu gonaki kuma sun gwammace su biya kuɗi da su ba da manomansu.

Duk da haka manyan Rum ba su daina kallon sa a matsayin bare ba. A 408 ya matsa wa majalisar dattawa ta amince a biya Alarik zinariya laba 4,000, don yana so ya yi amfani da shi. Nan fa magauta suka samu ƙofa. Wani bafade, Olimpiyus, ya yi ta hure wa sarki kunne cewa Sitiliko na neman ɗora ɗansa a gadon sarauta. Ya fake a wata majami'a a Rabenna, aka fito da shi da alkawarin ba za a taɓa shi ba, aka fille masa kai ranar 22 ga Agusta, 408. Yana da sojojin da za su tsaya masa, amma ya hana su zare takobi.

Abin takaicin ma yana gaba. Rumawa suka auka wa mata da 'ya'yan sojojin haya a biranen Italiya da kisa. Mazajen, waɗanda wani marubucin da ya ƙiyasta sun kai 30,000, suka koma wurin Alarik. Ranar 24 ga Agusta, 410, ya shiga birnin Rum, mayaƙansa suka kwana uku suna wasoso.